Minti 11 na Iya

Akwai wani bidiyo a wayata mai tsawon minti 11. Duk abokin da na taɓa nuna wa, ba ya kai minti 2 yana kallo sai ya miƙo mini wayar ya ce, "To, sai me ya faru?" Babu abin da ya faru. Wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma a gindin katanga tana kaɗi. Zakara ya yi cara sau biyu. Wani yaro ya gifta ɗauke da bokiti. Iyakar labarin ke nan. Amma duk finafinan da na kalla a rayuwata, na Hausa da na Indiya da na Amurka, babu wanda na maimaita kamar wannan. Tsohuwar kakata ce, mahaifiyar babana, muna ce mata Iya. Bana shekara 5 ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta.

Ƙannena 'yan makaranta, ina so in ba ku labarin yadda aka yi na samu wannan bidiyo, domin saura ƙiris in rasa shi tun kafin a ɗauke shi, kuma laifin nawa ne.

Ina aji 2 na babbar sakandare a garinmu, can ƙasar Malumfashi, aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa ya koyar da mu adabin Turanci. Mutum ne mai sanyin hali, kullum yana rataye da jaka mai tsohuwar kwamfuta a ciki. Wata ranar Alhamis bayan an tashi, sai ya ce duk mai son kallon fim ya tsaya. Mun kai mu 30 da muka tsaya. Muka rufe tagogi, muka jawo bencina gaba, kowa yana jiran ya ga faɗa ko tseren motoci.

Abin da ya bayyana a fuskar kwamfutar ya ba mu mamaki. Hoton yana ta rawa kamar mai ɗaukar yana sauri. Wani wurin haske ya yi yawa, wani wurin duhu. Ga ciyawa, ga bishiyoyi, ga wata tsohuwar Baturiya da ɗankwali tana girki a waje. Wani mutum yana magana a hankali da Turanci mai nauyin harshe. Muka yi haƙuri na minti 10, sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, wai ina jarumin? Yaushe bos zai fito?" Aji ya kwashe da dariya. Wani kuma ya ce, "Malam, wannan ai bidiyon gida ne, irin wanda ake ɗauka ranar suna." Malam ya yi murmushi ya ce, "Ka canka daidai." Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa sulalewa, har muka rage mu 4. Ni ma ba don fim ɗin ya burge ni na tsaya ba. Ni ne aka ɗora wa mayar da bencina wurinsu.

Da aka gama, Malam ya ba mu labarin mai fim ɗin. Sunansa Jonas Mekas, an haife shi a wani ƙauye a ƙasar Lituwaniya a 1922. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba shi da gida a 1944, shi da ƙanensa Adolfas. Suka faɗa sansanin aikin tilas a Jamus, bayan yaƙi kuma suka zauna a sansanonin 'yan gudun hijira, sai a ƙarshen 1949 suka isa birnin New York na Amurka. Bai daɗe da sauka ba ya ci bashi ya sayi wata ƙaramar kyamara mai suna Bolex, ya fara ɗaukar duk abin da ke gabansa: titin unguwarsu, 'yan ƙasarsu da ke zaman baƙunta, dusar ƙanƙara, abokai a wurin cin abinci. Sai a 1971 ya samu komawa ƙauyensu, bayan shekara 27. Tsohuwar da muka gani tana girki mahaifiyarsa ce. Fim ɗin ya fito a 1972 da sunan Reminiscences of a Journey to Lithuania, wato tuna tafiyar da ya yi zuwa ƙasarsu.

Wannan bayani ya ɗan sosa mini rai. Shekara 27 mutum bai ga uwarsa ba, da ya gan ta kuma bai zaunar da ita a kujera ya ce ta yi jawabi ba. Ya bi ta da kyamara tana hidimarta ta kullum, domin abin da ya yi kewa ke nan.

Malam ya ƙara mana da wani abu da ban taɓa mantawa ba. Ya ce irin wannan fim tun ranar farko yake tare da silima. A watan Disamba na 1895, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka fara nuna wa jama'a finafinai a birnin Paris na Faransa don kuɗi, ɗaya daga cikin gajerun finafinan da suka nuna shi ne Auguste da matarsa suna ba jaririyarsu abinci a harabar gidansu. Bai kai minti ɗaya ba. Masu tarihin fim na yawan ba da labarin cewa abin da ya fi ɗaukar hankalin 'yan kallo a ciki shi ne ganyen bishiyoyin da iska ke kaɗawa a bayan mutanen. Ke nan bidiyon gida ya girmi jarumi da bos.

Kafin mu watse sai ya ba mu aiki, mu huɗun. Ya ce duk mai iya aron waya a gida ya ɗauko minti 3 na rayuwar gidansu, ba tare da an shirya wasa ba.

A lokacin yayana ya bar mini tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi. Ba a zuwa da waya makarantarmu, don haka sai da yamma nake taɓa ta. Na zagaya gidanmu kwana biyu ina neman abin ɗauka, ban ga komai ba. Gida ne irin na kowa: turmi, randa, igiyar shanya, awaki. A raina na ce wannan duk ba abin kallo ba ne, sai an samu abin dariya.

Rana ta uku abin dariyar ya zo. Iya ta shanya garin masara a faifai, wata jar akuya ta maƙwabta ta shigo ta tsoma baki. Iya ta zabura da muciya tana bin ta tana zabga mata baƙar magana, ɗankwalinta ya zame ya faɗi, furfurarta ta bayyana, ta yi tuntuɓe da kwano har ta dafa ƙasa. Ni kuwa ina laɓe a bayan ƙyauren zaure ina ɗauka, ina danne dariya. Ba ta san ina wurin ba.

Da dare na kalla sau 5, ina dariya har da hawaye. Maimakon in ajiye wa Malam, sai na ɗora shi a sitatus ɗina na WhatsApp. Na ɗauka abokaina 'yan ƙalilan ne za su gani, kuma bayan awa 24 zai ɓace da kansa. Ban yi lissafin cewa mutum na iya kwafe abin da ya gani ba. Kafin kwana 3 bidiyon ya zagaya unguwa. Wani ya sa masa kiɗa. Wani ya maimaita wurin tuntuɓen sau uku a jere. Har ya kai wayar wani ɗan'uwanmu da ke Kaduna, shi kuma ya kira Goggo, ƙanwar babana.

Goggo ta zo gidanmu da hantsi, mayafinta a kafaɗa. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta yi mini faɗa a tsakar gida, Baba ya karɓe wayar ya kulle a durowa. Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da Iya ta yi. Kun san wasan da ke tsakanin kaka da jika. Tun ina ƙarami Iya ba ta kirana da sunana, sai dai ta ce "Maigida". Idan na dawo makaranta sai ta ce, "Maigida, yau ma babu cefane? Wannan miji nawa ba shi da ko sisi." Ni kuma in ce, "Amarya, ai kin tsufa, sabuwa zan ƙaro." Ranar nan da na je gaishe ta, sai ta amsa a taƙaice, ta kira ni da sunana na yanka. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yi haƙuri, wasa nake yi." Ta dube ni ta ce, "Shekarata nawa a garin nan, babu namijin da ya taɓa ganin kaina in ba kakanka ba. Kai kuma ka kai ni kasuwa babu ɗankwali."

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Na fita jikina a sanyaye.

Washegari na samu Malam a ƙarƙashin bishiyar darbejiya na gaya masa komai. Har da ɗan ɗora masa laifi, na ce ai shi ya ce kada a shirya wasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini wani ɓangare na wani fim. Wata 'yar ƙasar Japan ce ta yi shi, Naomi Kawase, wadda aka haifa a garin Nara a 1969. Iyayenta sun rabu tun tana ƙarama, sai wata 'yar'uwar kakanninta ta riƙe ta, ta zame mata uwa. A 1994 ta ɗauki wannan tsohuwa da ƙaramar kyamara a wani fim mai suna Katatsumori, mai tsawon kamar minti 40. Tsohuwar tana aikin lambunta, tana shuka, tana ban ruwa, tana dariya. A wani wuri sai ka ga hannun mai ɗaukar ya shigo cikin hoton ya shafa fuskar tsohuwar.

Malam ya tsayar da fim ɗin a nan ya ce, "Dubi nisan da ke tsakaninsu." Na ce ai babu nisa, tunda hannunta ya kai. Ya ce, "Kai fa, a ina ka tsaya lokacin da kake ɗaukar Iya?" Na ce a bayan ƙyaure. Ya rufe kwamfutar, bai sake cewa komai ba, ni ma ban nemi ƙarin bayani ba.

A nan na gane kuskuren da na yi wa maganarsa. Da ya ce kada a shirya wasa, ni sai na ji kamar ya ce a yi sata. Tsohuwar Kawase ta san ana ɗaukarta, tana kallon kyamarar, tana yi wa yarinyarta magana. Mahaifiyar Mekas ma ta san ɗanta na riƙe da kyamara. Sun yarda ne suka bari aka gan su. Shekara 3 bayan wancan ƙaramin fim, a 1997, Kawase ta ci kyautar da ake ba sabon darakta a bikin finafinai na Cannes a Faransa, da wani dogon fim nata mai suna Suzaku. Amma hannun nan a kan fuskar tsohuwa shi ne ya zauna mini a rai.

Na bi abokaina ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su goge bidiyon akuyar. Wasu sun goge a gabana, wasu sun ce sun goge. Har yau ba zan iya rantsewa babu shi a wata waya ba. Abin da ya fita daga hannunka a intanet kamar gero ne da ya zube cikin yashi.

Wata 4 Iya ta yi tana kirana da sunana. Ina ɗebo mata ruwa, ina kai mata niƙa, ina faskara mata itace, tana cewa "an gode" kamar ga baƙo. Malam ya gama bautar ƙasarsa ya tafi, ban taɓa kai masa aikin minti ukun nan ba. Baba ya dawo mini da wayar bayan jarrabawar ƙarshen zango, amma ko kyamarar ban ƙara buɗewa a gida ba.

Sai wata safiyar Asabar da hunturu, ina wanke takalmana na makaranta, na ji ta ce, "Maigida, zo nan." Gabana ya faɗi don murna. Na je na same ta ta fito da wata tsohuwar taskira da na daɗe ban gani ba. A ciki akwai auduga, da mazari, da guntun alli. Ta ce, "Ɗauko abin nan naka mai satar mutane." Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Duk 'yan matan gidan nan babu wadda ta yarda ta koyi kaɗi. Sun ce aikin tsofaffi ne, zare na nan a kanti. To, ka ɗauka ka ajiye. Wataƙila wata rana a haifi mai so."

Ta kafa mini sharuɗɗa uku. Sai ta shirya tukuna. Ba za a nuna wa kowa ba tana raye sai 'yan gida. Kuma idan ta ce ya isa, ya isa. Ta shiga ɗaki ta ɗauro zanenta na zuwa biki, ta kafa ɗankwali, ta dawo ta zauna. Ni kuma na zauna a ƙasa kusa da ita, na jingina wayar a kan turmin da na kwantar, don kada hannuna ya yi rawa.

A minti biyu na farko Iya ta sandare kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Tana bayani da wata murya da ba tata ba: yadda ake gurza auduga a raba ta da angurya, yadda ake shiɓa ta ta yi laushi. Amma da ta shafa alli a yatsunta ta murza mazarin ya fara juyawa, sai hannunta ya kwace aikin daga bakinta. Ta manta da ni. Hannun hagu yana sama riƙe da audugar, zare yana sauka siriri kamar ba zai tsinke ba, hannun dama yana murzawa yana naɗewa. Can sai ta fara magana da muryarta ta kullum. Ta ce a wurin kishiyar uwarta ta koya, tana 'yar shekara 7 ko 8. Ta ce da kuɗin zare ta sayi tasarta ta farko kafin aure. Ta ce a da idan kaka ta yi, garin nan fari fat yake yi da auduga. Ƙanena ya gifta da bokiti, ta ce masa ya kula da santsi ba tare da ta ɗaga kai ba. A minti na 9 zaren ya tsinke, ta yi tsaki, ta haɗa shi da yatsu biyu cikin ƙiftawar ido. A ƙarshe ta ɗago ta kalli wayar, ta kalle ni, ta ce, "Maigida, kai ba ka gajiya da kallon amaryarka? Ya isa haka." Ta yi dariya, na kashe.

Bayan shekara 2 Iya ta kwanta ciwo, cikin wata guda Allah ya karɓi abarsa.

Da aka share makoki, 'yan'uwa suka fara neman hotunanta. Aka samo na katin zaɓe, da wani da aka ɗauka a situdiyo tana zaune ta haɗe rai. Aka tuna da kaset ɗin bidiyon bikin Goggo, da ƙyar aka samu mai na'urar da za ta kunna shi. Rabinsa ya lalace, a sauran kuma Iya ta bayyana na 'yan daƙiƙoƙi a cikin taron mata, an rufe muryar kowa da kiɗa. Sai a lokacin na lura da wani abu game da yadda muke ɗaukar hoto. Muna ɗaukar ranar biki, ranar suna, ranar Sallah, ranakun da kowa ya ci ado ya zama wani mutum dabam. Ranar Talata ta banza, wadda ita ce mafi yawan rayuwarmu, babu mai ɗaukarta. Shekara sama da 70 da Iya ta yi a duniya, muryarta tana hira ta rage a wuri ɗaya kawai, a cikin minti 11 ɗin nan.

Ko su ma da ƙyar suka tsira. Bayan ranar kaɗin na ɗauki wasu gajeru da izininta, tana dama fura, tana tsince shinkafa. Duk suna cikin katin memori ɗaya, wata rana katin ya daina buɗewa, mai gyaran waya ya ce sai dai a share shi gaba ɗaya. Na kaɗin ya kuɓuta ne don na taɓa tura wa yayana.

Da na shiga jami'a na samu intanet mai ɗan ƙarfi, sai na shiga neman irin waɗannan finafinai. Ba a nuna su a manyan gidajen silima, masu tura finafinai a bakin kasuwa ma ba su san da su ba, amma suna da yawa. Na gano cewa Mekas bai daina ba har ya rasu a 2019 yana da shekara 96. A shekarar 2000 ya haɗa hotunan iyalinsa na kusan shekara 30 ya yi fim mai tsawon kusan awa 5, a 2007 kuma kullum sai ya saki gajeren bidiyo ɗaya a intanet har shekarar ta ƙare. Na gano Safi Faye ta ƙasar Senegal, wadda a 1975 ta koma ƙauyen iyayenta ta yi fim mai suna Kaddu Beykat tare da mutanen ƙauyen, a kan noman gyaɗa da wahalar manomi. Akwai ɗan labari da aka saƙa a ciki, amma gonakin da mutanen da hirar gindin bishiya duk na gaske ne.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Jaguar. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, wanda ya yi shekaru yana aiki a Nijar, ya ɗauke shi a tsakiyar shekarun 1950 tare da abokansa 'yan Nijar uku, Damouré Zika da Lam da Illo. Sun tashi daga Nijar zuwa cin rani a ƙasar da yanzu ake kira Gana, har Akara da Kumasi. Kyamarar ba ta ɗauki sauti tare da hoton ba, don haka daga baya aka kunna musu hoton suna kallo suna sharhi, suna tsokanar juna, aka naɗi wannan hirar ta zama muryar fim ɗin, wanda ya fito a 1967. Shi ma akwai wasa a cikinsa, amma kasuwannin da hanyoyin da 'yan cin ranin ba shiri ba ne. Ina kallo ina tuna labaran da tsofaffin garinmu ke bayarwa na zamanin da ake tafiya Gwanja da Kurmi neman kuɗi. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Konni a 2004.

Ba zan yaudare ku in ce duk waɗannan finafinai suna da daɗin kallo ba. Wasu suna da tsawo da sa barci. Na Mekas mai awa biyar ban taɓa gama shi a zama ɗaya ba. 'Yan ajinmu da suka sulale ranar Alhamis ɗin nan ba su yi laifi ba, kuma har gobe ina kallon fim mai jarumi da bos ina jin daɗi. Sai dai shi wannan iri yana yin wani aiki da wancan ba ya yi. Yana koya wa ido ya dakata a kan abin da ya saba wucewa.

Akwai kuma inda ni na tsaya. Wata 'yar ƙasar Beljiyam, Chantal Akerman, ta ɗauki mahaifiyarta a gidanta na birnin Brussels a ƙarshen rayuwarta, suna hira a kicin, wani lokaci ta kwamfuta idan tana nesa. Uwar tana cikin waɗanda suka tsira daga sansanin Auschwitz. Fim ɗin, No Home Movie, ya fito a 2015, kuma a cikinsa ana ganin yadda ƙarfin tsohuwar ke raguwa a hankali. Na kalle shi da girmamawa, amma na san ni ba zan iya ba. Watan da Iya ta yi a kwance, wayar tana aljihuna kullum, ban ciro ta ba ko sau ɗaya. Ina yi mata fifita, ina ba ta kunu da cokali. Ban yi nadama ba. Da na riƙe waya, da hannuna ɗaya ne kawai zai rage mata.

To, idan wani daga cikinku ya ji yana son gwadawa, ga abin da na koya da wahala. Kafin komai, ka nemi izini, ka faɗi wanda zai gani, kuma ka cika alkawari. Idan aka ce a'a, ka haƙura. A gidajenmu akwai kunya da sutura, ba kowane lungu ne na kyamara ba, musamman wurin iyaye mata. Ka zauna kusa, inda wanda kake ɗauka yana ganinka. Ka kwantar da wayar a kan wani abu mai ƙarfi, ka bar yawan jujjuya ta. Ka yi haƙuri da mintunan farko, domin kowa yana sandarewa kafin ya sake. Kada ka rufe muryoyi da kiɗa, domin nan gaba ƙarar taɓarya da kukan kaji da tarin kakanka za su fi maka kowace waƙa. Ka rubuta kwanan wata da sunan wurin. Ka ajiye a wuri biyu ko uku. Kuma ba dole ne duniya ta gani ba. Idan ba ka da waya, ka ari ta yayanka na minti 10 ranar Asabar. Idan babu ko wannan, littafi da biro ma suna ɗaukar hirar tsohuwa.

Bayan rasuwar Iya na tambayi Baba da Goggo ko zan iya nuna wa abokai na kusa a wayata, suka amince, da sharaɗin ba zan tura wa kowa ba. Ban taɓa turawa ba. Wannan labarin ma sai da Goggo ta ji shi daga farko har ƙarshe ta ce in rubuta.

A Sallar da ta wuce mun taru a gida. Da dare aka ɗauke wuta, sai Goggo ta ce, "Kai, kunna mana Iya." Muka zauna a tabarma, manya da yara, muka zagaye 'yar wayar. Babu wanda ya tambayi me zai faru. Da aka zo wurin da take cewa ƙanena ya kula da santsi, shi da yanzu ya fi ni tsawo sai ya sunkuyar da kai. Goggo tana share ido da gefen mayafi. Da bidiyon ya ƙare, jikar Goggo, wata 'yar aji 1 a ƙaramar sakandare da ba ta wayi Iya sosai ba, ta ce in mayar mata wurin da zaren ya tsinke. Na mayar. Ta ce in sake. Ta matso da fuskarta tana kallon yatsun, tana gwadawa da nata a iska. Sannan ta juya ta ce, "Hajiya, wai taskirar nan tana ina yanzu?"

Goggo ta ce tana ƙarƙashin gadonta, da mazarin da allin duka. Ta ce gari ya waye tukuna.